Tantin da Aka Yi wa Guga

A Bokwango, daidai inda kwalta ke ƙarewa hanya ta fara haurawa dutsen Fako, nan Mola Likenye yake da shagon ba da hayar kayan hawa dutse. Mola kuwa laƙabin girmamawa ne a garin, kamar a ce kawu. Tanti, jakar barci, takalma, risho, rigar ruwa, sandar dogarawa, duk dai abin da mutum zai nema in ya bushi iska ya bar gadonsa mai laushi ya tafi ya kwana a kan duwatsu. Shekara ashirin da biyu Mola ya yi yana dako a dutsen nan kafin ya sauko ya buɗe shago. Yanzu 'yarsa Nalova ce ke riƙe da ciki, shi kuma yana bisa benci a bakin ƙofa da hular sanyi, yana kallon masu zuwa daga Douala da Yaoundé suna gwada takalma suna tambaya ko akwai inda ake cajin waya a can sama.

Rayuwa ce mai daɗi, ba za a ce ba. Daga Nuwamba zuwa Maris shago ba ya rabo da mutane. In damina ta sauka kuwa sai a zauna gyaran zif da ɗinkin jaka, Iya Etonde, uwar Nalova, tana aiko musu da kwakoko, wato alalar gwaza, da miyar kwakwar manja daga cikin gida. Nalova tana son aikin, tana son warin hayaƙi da jiƙaƙƙiyar ciyawa da ke biyo kaya in sun dawo, tana kuma son ubanta, duk da halinsa.

Halin nan guda ɗaya ne, amma ya ishi gari. Mola Likenye ya yi imani ba a sanin mutum sai ranar da ya dawo da kayan haya. Ranar karɓa kowa mutumin kirki ne, kowa na “sannu Mola, na gode Mola.” Ranar dawowa ce ake ganin wanda ya naɗe tanti da laima ya cusa a jaka, da wanda ya yaga ya ɓoye yagar a cikin ninki yana fito kamar bai san komai ba. Akwai wani lauya da har yau in ya wuce a mota Mola ke kau da kai, don ya taɓa dawo da risho da ƙanzon shinkafa. Maneman Nalova biyu sun faɗi wannan jarrabawa ba su ma san an yi musu ita ba. Ɗaya gwangwanin kifi aka tarar a cikin jakar barcinsa, a buɗe. Nalova ba ta yi wa ko ɗaya daga cikinsu kuka ba, dariya ma ta taya ubanta.

Wannan karon babu dariya, domin na ukun ta so shi har cikin ranta. Sunansa Fonyuy, mutumin Kumbo ne, yana da shagon wanki da guga a Molyko kusa da jami'a. Rigar mawaƙan coci ta kai masa wata rana, ya dawo mata da ita har da maɓallin da ya ɗinke bai ce komai ba, daga nan zance ya yi tsawo. Mutum ne mai sanyin magana da tsabta ta ban haushi. A taɓon garin nan da ke kama kowa har idon sawu, shi takalminsa ƙal yake isowa duk inda za shi, ba wanda ya san yadda yake yi.

Ya bi hanya yadda ta kamata. Ya fara gaida Iya Etonde, ya roƙe ta ta shaida wa maigida cewa mutanensa na son su zo su ƙwanƙwasa ƙofa, a san juna, a fara maganar aure. Iya ta isar da saƙo. Mola bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya gama suɗe yatsunsa, ya ce, “Ya taɓa hawa?”

Shi ke nan abin da ya ce, kuma kowa a gidan ya gane.

Ranar wata Juma'a da safe sai ga Fonyuy ya zo hayar kaya. Mokake, tsohon abokin dakon Mola wanda yanzu yake jagorar masu hawa, shi zai tafi da shi tare da wasu malaman makaranta huɗu. Mola ya dube shi tun daga kai har ƙafa, ya tashi da kansa, abin da ba ya yi wa kowa, ya shiga ciki ya sauko da koren tanti daga saman kanta.

Nalova ta bi tantin da kallo. Koren tantin nan shi ne ɗan lelen shago. Shekara tara yana hawa yana sauka, ya sha iskar da ke tsinke igiya a Bukka ta Biyu, zangon da ake kwana a can saman dutse, bai taɓa barin ɗigo ɗaya ya shiga ba. Ba kowa Mola ke bai wa shi ba. Ko dai girmamawa ce ko tarko, da halin ubanta kuwa yana iya zama duka biyun.

Tana ƙirga wa Fonyuy turaku cikin 'yar jaka, ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya don kada ubanta, wanda take kira Tata, ya ji.

“Ka saurare ni da kyau. Ko ka kai ƙololuwa ko ba ka kai ba, Tata bai damu ba. Yadda za ka dawo da kayan nan, shi zai duba.”

“Yadda zan dawo da su?”

“Tsaf-tsaf. Ka ji ko? Tsaf-tsaf.”

Fonyuy ya yi wani murmushi na wanda aka gaya wa cewa a fanninsa za a yi jarrabawa. “In dai wannan ne, kwantar da hankalinki.”

Abin da take nufi ba wani abu ba ne: ya kakkaɓe tokar dutse, ya shanya tanti ya bushe, kada turke ya ɓata, in wani abu ya yage ya faɗa da bakinsa. Ta manta da mai wanki take magana.

Ranar Lahadi da la'asar Mokake ya sauko da mutanensa, ya zube a kan benci yana cire takalmi yana ba da labari.

“Mutumin naku dai ya kai. Da rarrafe, amma ya kai. Ya yi amai sau biyu, kowane karo sai ya ba ni haƙuri, sai ka ce a falona ya yi. Likenye, ka taɓa ganin wanda ya ninke safa a Bukka ta Biyu? Iska na neman ɗauke mu, shi yana ninke safa!”

Malaman makarantar suka ajiye kayansu, aka duba, suka tafi. Na Fonyuy babu.

“Ina nasa?” in ji Mola.

“Ya wuce da su Molyko. Wai sai Talata.”

Mola ya ce, “Uhm.” Nalova ta san wannan uhm ɗin, ba ta alheri ba ce. Ta zagaya bayan shago ta buga wa Fonyuy waya, ya ce mata kada ta damu, aiki yake yi, za ta gani da idonta. Muryarsa cike da farin ciki. Ta kashe wayar hankalinta bai kwanta ba, ta kuma rasa dalili.

Talata da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar shago. Fonyuy ya fito da farar riga mai dogon hannu da baƙin wando mai kari kamar wuƙa, ɗauke da kaya a hannu biyu cikin farar leda irin wadda ake saka kwat. Tun kafin ya ƙaraso ƙamshi ya riga shi. Mokake da wasu 'yan dako biyu suna cin fanke da wake a rumfar da ke kallon shagon, suka taso da kwanoninsu. Iya Etonde ma ta leƙo tana goge hannu a zane.

Ya gaida Mola da hannu biyu, ya fara buɗewa a kan tebur. Takalma an goge su sun yi sheƙi. Risho kamar yau aka sayo shi. Turaku goma sha huɗu, kowanne an miƙe shi an kankare tsatsa, an ɗaure su da zare. Jakar barci ya shanya ta kawai ya ɗinke wata 'yar ɓaraka a ƙasa, ɗinkin da sai ka kai ido kusa za ka gani. Mola yana ɗauka yana juyawa yana ajiyewa, Nalova ta ga gefen bakinsa ya ɗan saki. Ta fara numfashi.

Sai aka zo kan tanti. An ninke shi kusurwa huɗu daidai wa daida, ya kwanta lif.

“Kai!” in ji Iya Etonde. “Ashe tantin nan kore ne shar haka? Ni duk zatona ruwan ƙasa ne.”

“Ya ba ni aiki, Iya,” Fonyuy ya ce cikin ladabi, amma ana jin alfahari a ƙasan muryarsa. “Kwana na jiƙa shi a ruwan zafi da omo. Cikinsa akwai wani abu mai danƙo-danƙo da ya manne ko'ina, dauɗar shekaru ce ina ji, sai da na sa burushi sau uku kafin ya fita. Bakin ɗinkin kuma duk an bi shi da wani tsohon salatif da ya yi baƙi, na ɓaɓɓare shi tas. Sannan na bi shi da dutsen guga, wuta kaɗan-kaɗan, na shimfiɗa ƙyalle a kai don kada ya ƙone.”

Cokalin Mokake ya tsaya a hanya bai kai baki ba. 'Yan dakon suka dubi juna, suka dubi ƙasa.  Abin danƙon nan da ya goge shi ne ke hana ruwa ratsa yadin. Salatif ɗin kuwa shi ke toshe hujin allura a kowane ɗinki. Duk ɗan Bokwango da ya taɓa ɗaukar kaya ya san tanti ba ya shiri da omo, balle dutsen guga. Fonyuy kaɗai ne a tsakar wurin bai sani ba, yana tsaye yana jiran yabo.

Mola Likenye ya shafa yadin da bayan hannu. Ya ce, “A kafa shi.”

Ƙa'idar shagon ke nan. Duk tantin da ya dawo sai an kafa shi a filin da ke gefe, wanda ya yi haya ya shiga ya ja zif, Mola ya kwara bokitin ruwa ta dama, ya kwara wani ta hagu. In mutum ya fito a bushe a yi musabaha a rabu lafiya. Nalova da Mokake suka kafa. Yadin a hannunta ya yi laushi kamar tsohon zane, haske na ratsa ɗinkin ɗigo-ɗigo. Ta so ta ce wa Fonyuy ya cire farar rigar nan ko ya ajiye wayarsa, amma idon ubanta na kanta. Wayar dai Allah ya taimaka, ya miƙa wa Iya da kansa. Ya cire takalmi ya jera su a gefe, ya shiga, ya ja zif.

Mola ya ɗaga bokiti ya kwara.

Tanti mai lafiya in ruwa ya sauka a kansa ƙara yake yi, ruwan ya gangare ya bar shi. Wannan bai yi ƙara ba. Ya shanye ruwan ya yi duhu, ya lotsa, aka ji shaaa daga ciki.

 Mokake ne ya kasa haƙuri.

“Mutumin Kumbo! Yaya garin a can ciki?”

Muryar Fonyuy ta fito a hankali. “Mola Mokake... ana ruwa.”

'Yan dako suka fashe. Ɗaya ya ƙware da wake sai da aka bubbuga masa baya. Mai fanke ta baro kaskonta a wuta ta zo kallo. Iya Etonde ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Nalova da ubanta. Mola ya ajiye bokitin, ya kama ɗinkin saman tantin yana bi da babban yatsa, a hankali, tun daga wannan kusurwa har waccan. Nalova ta tausaya masa ƙwarai. Ta san sau nawa ya zauna a rana yana lallaɓa tantin nan.

“Abin da ka goge,” in ji Mola, da tantin yake magana ba ya ɗaga murya, “shi ne tantin. Wannan da ka kawo mini labule ne.”

Dariya ta ɗauke. Daga ciki ba a ji motsi ba. Da wani ne, da tuni ya ɓalle zif ya fito yana rantse-rantse, ko ya ce dama can yana yoyo. Fonyuy bai fito ba.

“Ban sani ba, Mola,” ya ce. “Da na tambaya da an gaya mini. Ban tambaya ba don ina ganin na iya. Ni na lalata shi.”

“Wa ya ce ka wanke?”

“Ba kowa.”

Nalova ta dubi ubanta. Tun tasowarta ba ta taɓa tsoma baki ubanta na yanke hukunci a kan kaya ba, ba ta kuma taɓa furta a gabansa cewa ga wanda take so ba. Komai ta bakin Iya yake bi. In ta yi shiru yanzu, an gama, Mola zai ce uhm, Fonyuy ya bi sahun lauya da mai gwangwanin kifi.

“Ni ce, Tata,” ta ce. “Ni na ce masa ya dawo da su tsaf-tsaf. Sau biyu na faɗa.”

“Ba ta ce in wanke ba, Mola,” muryar ta fito daga tanti da sauri. “Kalmar wanki ba ta fito daga bakinta ba.”

“Kai yi shiru, ba da kai ake ba,” in ji Nalova.

“To.”

Mokake ya ce, “Oho, tun yanzu?” Ba wanda ya kula shi.

Mola ya dubi 'yarsa, kallon da ba ta iya fassara shi ba. Ya sunkuya ya ɗauki bokiti na biyu, ya zagaya hagu.

“Saura ɓari ɗaya,” ya ce.

“Haba Likenye,” in ji Iya Etonde, “ai an ga abin da za a gani. Ka bar bawan Allah ya fito, ruwan famfon nan ƙanƙara ne.”

“A zuba, Iya,” in ji Fonyuy, haƙoransa na ɗan haɗuwa. “Ƙa'ida ce.”

Nalova ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta zare silifas, ta durƙusa ta ja zif ɗin. Ga shi zaune ya tanƙwashe ƙafa cikin kududdufi, farar riga ta manne masa a jiki, karin wando ya tafi, ruwa na ɗiga daga hancinsa. Ya zaro ido.

“Me kike yi?”

“Matsa.”

“Nalova!” Iya ta ɗaga murya. “Kitson da aka yi miki jiya! Yini guda aka yi a kansa!”

Ta shiga ta zauna kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, ta ja zif ta rufe. Ciki duk ƙamshin omo. Ta cikin yadin tana ganin inuwar ubanta a tsaye da bokiti a hannu. Tsoro take ji sosai, amma ba ta yi nadama ba. Waje ya yi tsit, har ana jin man fanke na ƙonewa a kasko.

Inuwar ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta ɗaga hannu, ruwa ya sauko musu gaba ɗaya, bai rage ko kofi ba. Nalova ta ja numfashi da ƙarfi don sanyi. Fonyuy ya ɗaga tafin hannunsa a saman kanta wai zai tare mata kitso, abin da bai tare komai ba, sai ta ji dariya ta kufce mata.

Aka ja zif daga waje. Mola Likenye ya tsuguna a bakin tantin, ya dube su su biyu a jiƙe sharkaf. Ya fara da Fonyuy.

“Kai. Ran Asabar ka zo da kayan aiki, ba wannan farar rigar ba. Akwai man da ake shafawa, akwai yadda ake bin ɗinki. Zai ci Asabar huɗu ko biyar, kuma ba zai koma kamar da ba. Amma hannun da ya yi ɗinkin jakar barcin can zai iya. Dutsen guga kuwa in na gan shi a unguwar nan, da shi zan bi ka.”

“Na ji, Mola. Na gode.”

“Ban gama ba ka fara godiya.”

Ya juyo ga 'yarsa. Da ya buɗe baki muryar ta yi ƙasa, yadda na waje ba za su ji ba.

“Shekara talatin da ɗaya ban bar ɗigon ruwa ya same ki a ƙarƙashin rufina ba. Yau kina gani yana yoyo kika shiga.”

“Ina gani, Tata.”

“Da ƙafarki.”

“Da ƙafata.”

Ya sa hannu ya share mata ruwan da ke goshinta da babban yatsa, sau ɗaya, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya miƙe ya juya musu baya, ya gyara hularsa, ya yi gyaran murya da ƙarfi kamar wanda zai yi faɗa.

“Etonde! Ki aika wa mutanen Kumbo. Su zo su ƙwanƙwasa, zan buɗe.”

Iya ta rangaɗa guɗa, 'yan dako suka hau buga kwanoni da cokali, Mokake yana ihun a kawo tawul kafin ango ya sandare. Nalova kuwa ba ta yi gaggawar fitowa ba. Ruwan na da sanyi har cikin ƙashi, amma ta ƙara gyara zama a cikinsa.